Me ya haɗa fatar ido da ƙirji? Fashin baƙi kan taimus da ciwon raunin tsoka

"Ɗana, mi yag gama ido da ƙirji?"

Tambayar da wani dattijo maƙwabcinmu ya yi mini ke nan a bara da bazara, muna fitowa daga sallar la'asar. 'Yarsa ce ba lafiya, matar aure mai goyo, shekarunta ba su kai 30 ba. Da safe takan tashi garau, ta yi shara, ta dama kunu, ta yi wa yara wanka. Kafin la'asar sai fatar idonta na hagu ta fara saukowa kamar mai gyangyaɗi, ta riƙa ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Da dare tauna tuwo ma aiki ne, in ta kurɓi ruwa wani lokaci ta hanci yake dawowa. Gari na wayewa sai ka rantse ba ita ce ta jiya ba. Wannan zuwa da komawa shi ya ruɗa gidan. Wasu suka ce iska ce, tunda da marece take tashi. Wasu suka ce sammu. Akwai waɗanda suka ce ƙyuyar girkin dare ce kawai, kuma wannan maganar ta fi ciwon kansa yi mata zafi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayi maganin ƙarin jini da na "ƙara garkuwar jiki" ba adadi. Da aka je asibiti bayan wata da watanni, likita ya sa ta kafa ido sama na ɗan lokaci, ya ɗora mata ƙanƙara a fatar idon, sannan ya ce a yi hoton ƙirji, kuma mai yiwuwa a yi tiyata a cire wani abu da ke bayan ƙashin ƙirjinta. A nan Baba ya ja ya tsaya.

Tambayarsa ba ta rashin sani ba ce. Likitoci sun fara yin wannan tambaya a 1901, kuma sai a 2016 aka samu hujjar da ta gamsar da yawancinsu a kan tiyatar.

Ciwon da ke zuwa da marece ya lafa da safe

A likitance sunansa mayasteniya girabis, ma'anarsa raunin tsoka mai tsanani. Tun a 1672 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya ba da labarin wata mata da take magana lafiya lau, in ta daɗe tana yi sai muryar ta ɗauke, sai ta huta awa ɗaya ko biyu ta dawo. Sunan kuwa wani likitan Jamus, Friedrich Jolly, ya raɗa shi a 1895.

Alamarsa babba ita ce ƙarfi yana ƙarewa da aiki, yana dawowa da hutu. Da wannan ake raba shi da shanyewar ɓarin jiki, wadda take faɗowa farat ɗaya ta zauna, da kuma shan inna. Ba ya taɓa hankali, mai shi yana jin taɓi da zafi da sanyi kamar kowa, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Yawanci ta ido yake farawa. Ga kimanin kashi 15 cikin 100 a idon yake tsayawa, ga saura kuwa yakan gangaro wa tauna da haɗiya da wuya da kafaɗu da cinyoyi, wani lokaci har tsokar numfashi. A ƙasashen da ake ƙidayar masu shi, ana samun kamar mutum 15 zuwa 25 cikin kowane 100,000. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da maza 'yan sama da 60. Masu kallon finafinan Indiya sun san Amitabh Bachchan. Shi ma ya yi fama da shi a shekarun 1980, ga shi kuma ya tsufa yana aikinsa.

Yadda saƙo ke isa ga tsoka, da inda yake maƙalewa

Bari mu fara gyara kalma ɗaya. In an ce furotin, hankalin mutane kan tafi ga nama da wake da ƙwai. A wannan bayani ba abinci ake nufi ba. Furotin su ne ƙananan kayan aikin da jiki ke ƙera wa kansa, kowane da siffarsa da aikinsa: wani ƙofa ne, wani ɗan aike, wani makami. Cin nama ba ya gyara wannan ciwo, rashin cinsa ba shi ya kawo shi ba.

Kafin tsoka ta motsa sai saƙo ya taso daga ƙwaƙwalwa, ya biyo laka, ya bi jijiya har bakin tsokar. Jijiyar ba ta manne da tsoka ba, akwai 'yar tazara tsakaninsu da ido ba ya gani. In saƙo ya iso, bakin jijiya yakan fesa wani sinadari mai suna asetilkolin, ya tsallaka ya sauka a kan wasu furotin da ke jere a fuskar tsoka. Su za mu kira makarɓai. Asetilkolin mabuɗi ne, makarɓi kwaɗo ne, kuma sai an buɗe da yawa a lokaci guda tsoka take amsawa. Ko ga mai lafiya, in aka yi ta maimaita motsi, abin da jijiya ke fesawa yakan ragu. Ba ya lura ne saboda Allah ya yi masa rara, makarɓansa sun fi abin da ake buƙata nesa ba kusa ba. Mai wannan ciwo rarar ce ta ƙare. Da safe yana tsallakewa da ƙyar, kafin yamma saƙo ba ya isa.

Wa ya cinye makarɓan? Garkuwar jikin mutumin ce da kanta. Tana ƙera wasu furotin da ake kira antibodi, waɗanda aikinsu na asali shi ne su manne wa ƙwayar cuta don a hallaka ta. A nan sai suka manne wa makarɓan tsoka. Wasu su toshe kwaɗon, wasu su haɗe makarɓai biyu-biyu tsoka ta haɗiye su da wuri, mafi muni kuma su kira wata rundunar furotin ta jini ta zo ta ragargaza fuskar tsokar.

Yadda aka gano wannan yana da daɗin ji. A 1960 wani likita a Sikotilan, John Simpson, ya yi hasashen cewa garkuwar jiki ce. A 1973 a Kalifoniya, Jim Patrick da Jon Lindstrom suka tace makarɓai daga jikin wani kifi mai lantarki na Kudancin Amurka, mai hali irin na minjiryar da masuntan gulbin Rima da Argungu suka sani, suka yi wa zomaye allurarsu. Zomayen suka ƙera antibodi, sai ga su sun yi laƙwas, maganin mayasteniya kuma ya tashe su. A shekarar dai, a jami'ar Johns Hopkins, aka yi amfani da dafin wani macijin Asiya, wanda ke manne wa makarɓi gam, aka ƙidaya makarɓan masu ciwon, aka tarar sun koma ƙasa da kashi 1 cikin 3. Shi ya sa wanda wani macijin daga dangin gamsheƙa ya sara yakan fara da saukar fatar ido: wuri ɗaya aka taɓa. A 1975 aka ɗebi antibodin marasa lafiya aka sa wa ɓeraye, su ma suka raunana. Yau an san cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na waɗanda ciwon ya bazu a jikinsu suna da wannan antibodi a jini.

Taimus, makarantar da ke bayan ƙashin ƙirji

Mutane da yawa suna rikita taimus da abin da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Ba ɗaya ba ne. Na maƙoƙo a wuya yake. Taimus wani ɗan nama ne mai ɓari biyu, yana kwance bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya. Yana da girma ga jariri, yakan kai giram 30 zuwa 40 wajen balaga, daga nan ya riƙa motsewa kitse na maye gurbinsa. Mahauta suna ganinsa sosai a ƙirjin ɗan maraƙi, amma ba a tsohon sa ba. Har zuwa 1961 likitoci da yawa sun ɗauka ba shi da wani aiki, sai da Jacques Miller a Landan ya cire shi daga jariran ɓeraye ya ga garkuwarsu ta rushe.

Aikinsa koyarwa ne. Wasu ƙwayoyin garkuwa sukan taso daga ɓargo suna ɗanyu, su shiga taimus. In sun fito ana kiransu ƙwayoyin T, kuma su ne masu ba da umarni. Ƙwayoyin B masu ƙera antibodi ba sa yin wani yaƙi mai ɗorewa sai da izninsu. A ɓawon taimus na waje ana gwada ko ƙwaya tana iya gane abu kwata-kwata. A tsakiyarsa ana gwada abin da ya fi muhimmanci, wato ko za ta kai wa jikin mai ita hari. Fiye da 95 cikin 100 a nan cikin makarantar suke mutuwa, ba sa fita. Wasu daga cikin masu gane na gida kuma ba a kashe su, sai a mayar da su masu tsawatarwa, su riƙa kwantar da 'yan'uwansu in sun zaƙe.

Ka ɗauki sabon dogari a gidan sarauta. Kafin a tsayar da shi a ƙofa da bulala, dole a nuna masa 'yan gida ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba wata rana ɗan sarki zai tsula wa. To ga matsala. Taimus a ƙirji yake, ta ina zai samo furotin ɗin ido da na ciki da na tsokar ƙafa ya nuna wa ɗalibansa? Amsar ta zo da gano wani furotin mai suna AIRE a 1997, da bayanin aikinsa da masu bincike a Boston suka yi a 2002. AIRE yana sa ƙwayoyin tsakiyar taimus su ƙera ɗan samfuri na dubban furotin na sassan jiki daban-daban, har da insulin. Shi ne mai riƙe da hotunan 'yan gida. Waɗanda aka haifa da AIRE mai naƙasa, garkuwarsu kan afka wa sassan jikinsu da dama tun suna yara.

Daga cikin samfuran da ake nunawa akwai gutsattsarin makarɓin asetilkolin. Ba nan kaɗai ba. A cikin taimus akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da tsoka, kuma a 1977 aka tabbatar suna ɗauke da makarɓin. Ga amsar farko ga tambayar Baba: abin da ake yaƙa a fatar idon 'yarsa, akwai irinsa a ƙirjinta, a daidai wurin da ake horar da mayaƙan. A 2007 masu bincike a Turai suka nuna cewa wani ɗan bambanci na gado yana rage yawan samfurin makarɓi da taimus ke nunawa, kuma masu wannan bambanci ciwon yakan kama su da ƙuruciya. Darasin da ba a biya sosai ba, ɗalibi ba ya riƙe shi.

Hanyoyin da makarantar ke ɓaci

Ga matasa, musamman mata, taimus ɗin yakan kumbura maimakon ya motse. Kamar 7 cikin 10 na masu ciwon da ya fara da wuri haka nasu yake. In aka yanka shi aka duba, sai a tarar da curi-curin ƙwayoyin B, irin waɗanda ake gani a kaluluwa, alhali taimus mai lafiya kaɗan ne ƙwayoyin B a cikinsa. Wasu furotin 'yan aike ne suka kirawo su, irin su CXCL13 da CCL21, tare da intaferon, wanda jiki ke saki in ya ji alamar bairos. Masana sun rabu a kan ko wani bairos ne ke kunna wutar tun farko. Abin da suka haɗu a kai shi ne sakamakon: a cikin wannan hargitsi, samfurin da aka ajiye don a koyar da "kada ku taɓa wannan" sai ya koma abin da ake nunawa ana cewa "ga abokin gaba". Antibodin farko su afka wa ƙwayoyi masu kama da tsoka da ke nan kusa, ɓarnar ta fito da ƙarin makarɓai fili, ƙwayoyin B su ƙara gwanancewa. An ɗauki ƙwayoyin irin wannan taimus an raine su a ɗakin gwaji, suka ci gaba da ƙera antibodin makarɓi da kansu ba wanda ya zuga su. Makaranta ta koma maƙera. Da ɗan gari akan ci gari.

Hanya ta biyu ƙari ne. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon suna da ƙarin taimus, wanda ake kira taimoma, kuma kamar 1 cikin 3 na masu wannan ƙari suna kamuwa da mayasteniya. Ya fi fitowa tsakanin shekara 40 da 60. Ƙarin yana ci gaba da yaye ƙwayoyin T, amma ba shi da tsakiyar kirki inda ake jarrabawa ta biyu, kusan dukkansu ba AIRE a ciki, masu tsawatarwa ma kaɗan yake fitarwa. Dogarai ne ake ta turowa ƙofa ba wanda ya nuna musu fuskar kowa. Shi ya sa masu taimoma sukan ƙera antibodi ga wasu furotin na cikin tsoka ma, kamar taitin. Wannan shi ne dalilin da ya sa duk wanda aka tabbatar yana da ciwon, ko da a ido kaɗai ne, ake son a yi masa hoton ƙirji na siti sikan. Hoton ƙirji na yau da kullum yakan tsallake ƙaramin ƙari.

Akwai kuma waɗanda taimus ba shi da hannu a nasu sosai. A 2001 aka gano wani antibodi daban da ke yaƙar furotin mai suna MuSK, wanda ke tara makarɓai wuri ɗaya. Masu irin wannan kaɗan ne, ciwon yakan fi tsananta musu a haɗiya da magana da numfashi, taimus ɗinsu kuwa lafiyarsa lau. Haka tsofaffin da ciwon ya kama bayan nasu ya riga ya motse.

Furotin ɗin da aka zarga, da waɗanda ake tallatawa

Kafin a gane duk wannan, an bi wata hanya da ta ɓulle wani wuri. A ƙarshen shekarun 1960 wani mai bincike, Gideon Goldstein, ya kawo ra'ayin cewa taimus mai kumburi yana zubo wani sinadari cikin jini wanda ke toshe saƙon jijiya kai tsaye. Ya tace wani furotin daga taimus ɗin shanu, wanda aka sa wa suna taimofoyetin. Ra'ayin yana da ma'ana a zamaninsa, amma aikin zomaye da ɓerayen nan ya nuna antibodi ne masu laifin. A farkon shekarun 1990 ma aka gano cewa wasu samfuran taimofoyetin da aka ga suna toshe makarɓi sun gurɓata ne da dafin maciji. Wahalarsa dai ba ta tafi a banza ba: a cikin wannan nema ya ci karo da yubikwitin a 1975, furotin ɗin da binciken aikinsa ya jawo wa wasu masana uku kyautar Nobel a 2004.

Taimus yana da wasu ƙananan furotin da gaske, kamar taimosin da taimulin, kuma ana amfani da wani nau'in taimosin a wasu ƙasashe wajen ciwon hanta. Amma babu ɗaya cikinsu da yake maganin mayasteniya. Na tsaya a nan ne saboda tun zamanin korona kasuwar "ƙara garkuwar jiki" ta buɗe a Facebook da WhatsApp da motocin masu lasifika a bakin kasuwa, har da ƙwayoyin da ake cewa daga taimus ɗin dabba aka yi su. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai, domin mai wannan ciwo garkuwarsa ba rauni ta yi ba, ɓatan kai ta yi. Maganin likita lallashinta yake yi ta sassauta. Wanda ya sayar wa irin wannan mara lafiya abin zuga garkuwa, in kayansa na banza ne ya ci kuɗinsa, in kuwa suna aiki ya ƙara wa wuta makamashi.

A cire ko a bari?

A 1901 Carl Weigert a Jamus ya tarar da ƙarin taimus a gawar mai ciwon. A 1936 Alfred Blalock a Amurka ya cire wa wata budurwa irin wannan ƙari, ta samu sauƙi ƙwarai, daga baya ya fara cirewa ga marasa ƙari ma. Inda akwai ƙari ba a gardama, cirewa ake yi, domin yana iya cin huhu da rigar zuciya. Gardamar a kan marasa ƙari take, kuma ta yi shekara 75. Masu goyon baya suna cewa marasa lafiyarsu suna samun sauƙi. Masu ja suna cewa ciwon da ma yana hawa yana sauka, kuma masu ƙarfi-ƙarfi ake zaɓa a yi wa aiki, to ta yaya za a san wuƙar ce ta yi?

A 2016 aka fitar da sakamakon gwajin da ya raba gardamar. Mutum 126 ne daga ƙasashe da dama, 'yan shekara 18 zuwa 65, duk masu antibodin makarɓi, marasa ƙari, waɗanda ciwon bai kai shekara 5 a jikinsu ba. Aka raba su biyu da ƙuri'a, rabi tiyata da firednison, maganin kwantar da garkuwa, rabi maganin kaɗai, aka bi su shekara 3. Waɗanda aka yi wa aiki sun fi ƙarfi, sun fi buƙatar magani kaɗan. Kashi 9 cikin 100 nasu aka kwantar saboda tashin ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 37.

Sai dai a faɗa wa iyali gaskiya tun kafin su sayar da akuya ko gona. Tiyatar ba ta warkarwa nan take. Ƙwayoyin da aka riga aka yaye sun bazu cikin ɓargo da kaluluwa, wasunsu suna shekaru suna aiki. An rufe maƙera ne, makaman da suka fita suna nan, sauƙi kan ɗauki watanni ko shekaru, wasu kuma za su ci gaba da shan magani. Masu antibodin MuSK ba a ba su shawarar yi. Ga tsofaffi da masu na ido kaɗai, sai an auna. Wani bincike na 2023 daga Boston ya kuma nuna cewa manyan da aka cire wa taimus sun fi samun ciwon daji da mutuwa cikin shekara 5 in aka kwatanta da wasu da aka yi wa aikin zuciya. Ba gwajin ƙuri'a ba ne, kuma da yawansu da ma suna da ƙari, amma ya isa ya tunatar cewa ba a cire shi don kawai an ga dama. Ra'ayina shi ne, ga matashiya mai antibodin makarɓi wadda ciwon ya wuce ido, hujjar cirewa ta fi nauyi, muddin an daidaita ta da magani tukuna, kuma a asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman.

Abin da mai ciwon a Sakkwato ya kamata ya riƙe

Zafi yana ƙara raunin, sanyi yana rage shi. Shi ya sa ƙanƙarar minti 2 take ɗaga fatar ido a gaban likita. A garin da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Aiki mai nauyi a yi shi da sanyin safiya, babban abinci a ci shi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya bayan shan maganin ciwon, lokacin da muƙamuƙi ke da ƙarfi.

Ƙwayar farko da ake bayarwa ita ce firidostigmin. Tana hana a share asetilkolin da sauri, sai mabuɗan su daɗe suna neman 'yan makarɓan da suka rage. Asalin wannan dabara daga ƙasarmu take. Waken Kalaba, wanda a da ake ba wanda ake tuhuma ya ci, daga cikinsa aka tace fisostigmin a 1864, kuma a 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa mai mayasteniya allurarsa, fatar ido ta ɗaga, haɗiya ta dawo. Fiya-fiya ma wannan wurin take taɓawa, sai dai ita ba ta saki, shi ya sa take kisa. Firidostigmin in ta yi yawa tana kawo murɗar ciki da zawo da dalalar miyau, har da ƙarin rauni, don haka ba a ƙara ta da ka. Awa 3 zuwa 4 take aiki, saboda haka maganar azumi a yi ta da likita tun cikin Sha'aban. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame.

Firidostigmin ba ta taɓa tushen ciwon. Masu kwantar da garkuwa su ne firednisolon da azatayofirin da makamantansu. Firednisolon yana nan a kowane kemis, kuma a nan haɗarin yake. In aka fara shi da yawa, raunin kan iya ƙaruwa a makonni biyun farko. In aka daɗe a kai yana tayar da suga da hawan jini, yana farkar da tarin fuka, ba a kuma yanke shi farat ɗaya. Akwai sababbin magunguna da aka amince da su a Amurka a 2017 da 2021, amma tsadarsu ta fi ƙarfin kusan kowa a nan.

Abin da na fi jin tsoro shi ne magungunan da muke sha kullum ba tambaya. Allurar jentamaisin, sifurofuloksasin da ake bayarwa da zarar an ce taifot, azitiromaisin, kwinin da kulorokwin, duk suna iya jefa mai wannan ciwo cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Haka magniziyam salfet, allurar da ke ceton mata masu jijjigar haihuwa, ga mai mayasteniya tana iya tsayar da numfashi. Wannan ba ya nufin a bar zazzaɓi ba magani, domin zazzaɓin kansa shi ne kan gaba wajen tayar da ciwon. A faɗa wa duk mai rubuta magani, ya zaɓi wanda ya dace. Mai ciwon tana aure tana haihuwa, amma a asibiti, domin jariri 1 ko 2 cikin 10 yakan zo da raunin tsotso da kuka na 'yan makonni, saboda antibodin uwa da suka tsallaka masa.

Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 sukan gamu da tashin da ke taɓa numfashi. Alamunsa su ne mutum ya kasa ɗaga kai daga matashi, ya riƙa ƙwarewa da miyansa, ya kasa kwanciya rigingine, ya kasa ƙirga 1 zuwa 20 da numfashi ɗaya. Wannan ba na jiran safiya ba ne, kuma ba a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki. Sai asibiti mai na'urar taimakon numfashi, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ke Isa ko Sabon Birni ko Tangaza, da nisa da halin hanya, ya taso tun alamar farko. Kafin zuwan waɗannan na'urori kusan 1 cikin 3 na masu ciwon yana kashewa, yau inda akwai kulawa bai kai 5 cikin 100 ba.

'Yar Baba an yi mata hoton, ba ƙari. Gwajin jini, wanda sai da aka aika da shi wani gari aka jira makonni, ya nuna antibodin makarɓi. Tana kan ƙwayoyinta, ta koma girkin dare, sai dai in rana ta yi zafi idon yakan ɗan sauko. Mijinta ya rubuta sunayen magungunan da aka hana ta a takarda biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a jakarta tare da katin asibiti. Maganar tiyata tana nan, an ba su ranar komawa. Baba ya ce wannan karon da kansa zai raka ta, yana son ya ji daga bakin likita ko tsaga ƙashin ƙirjin za a yi ko ta 'yan ƙananan huji da kyamara, da kuma wata nawa za ta yi kafin ta iya goya ɗanta.